Hannun Malam Ya Ƙi Kumbura

Sambo ne ya ɗaure kansa da bakinsa, babu wanda ya sa shi. Abin da ya hana shi zama ke nan a daminar nan, ya mai da shi kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, yau yana Tambuwal gobe yana Kebbe, har babur ɗinsa ya fara kukan gajiya.

Shi ma'aikacin ɗakin awon jini ne a wani ƙaramin asibiti da aka buɗe a Tambuwal, shekarun da aka yanka sabuwar Jihar Sakkwato, man fetur ya sa gwamnati tana sayen kaya kamar ba gobe. An kawo masa madubin duba jini sabo fil, da injin juya jini, da wani farin akwatin ɗumi wanda masu shara ke kewayewa daga nesa don sun ɗauka na ajiye gawar jarirai ne. Sambo yana son aikinsa, kuma, a faɗi gaskiya, yana son a san yana son sa. Ko kasuwa zai shiga, da farar rigar aiki yake shiga.

Mahaifinsa, Malam Gidaɗo, yana Kebbe. Malamin zaure ne, irin wanda magidanta masu furfura ke tuɓe takalmi tun daga nesa su zo ɗaukar karatu a gabansa. Cikin 'ya'yansa Sambo kaɗai ne ya yi boko, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan tabo da ba a magana a kansa. Da Sambo ya fara aiki, ya sayo wa Malam agogon hannu mai igiyar ƙarfe, ya kai masa yana ta washe baki. Malam ya ɗaura. Bayan kwana biyu wuyan hannun ya yi ja, ya feso da ƙuraje, ya yi ta ƙaiƙayi har ya hana shi riƙe alƙalami. Aka cire, wurin ya warke. Da Sallah ya sake gwadawa don ya faranta wa yaron, ƙurajen suka dawo har sun fi na farko. Sai ya miƙa masa, ya ce, "Karɓi abinka, Sambo. Jikina ba shi son shi." Sambo ya ƙi karɓa, aka rataye agogon a ƙusa cikin turakar Malam. Ƙanen Malam kuwa, Baffa Ɗanmaliki, wanda ba a taɓa raba shi da tsokana ba, ya yi ta yawo da zancen cewa ko fatar Malam ba ta yarda da boko ba. Mutane suka yi dariya suka manta. Sambo ma ya yi dariya, amma bai manta ba.

Tun kafin saukar ruwa Malam ya fara ramewa. Zazzaɓi da la'asar, gumi, da wani busasshen tari mara kaki. Rawaninsa ya yi masa yawa, muryar da ke cika zaure ta koma sai an matso. Sambo ya duba ya duba, zuciyarsa ta ce masa tarin fuka ne, kuma irin wanda ya bar huhu ya watsu cikin jiki. Ya lallaɓa ya sami ɗan abin da Malam ya tofar, ya shafa a gilashi ya leƙa a madubi, bai ga komai ba. Likitansu, wani Bamisre mai yawan shan shayi, ya ce wannan ba hujja ba ce, a kai tsohon Sakkwato a ɗauki hoton ƙirjinsa, a fara masa allura tun da sauran ƙarfi.

Faɗa da baki ke da sauƙi.

"Tarin fuka?" in ji Malam, da Sambo ya durƙusa ya kawo maganar. "So kaka yi a ware mani ƙwarya da ludayi, almajirraina su riƙa gaishe ni daga bakin zaure? Tsufa na, Sambo. Tsufa ba shi da allura."

"Allah gafarta Malam, akwai awon da ba shi ƙarya," in ji Sambo. "Ba ni za ni faɗi ba, jikinka da kainai za ya ba da shaida."

Kalmar shaida ta sa Malam ya ɗago, domin rabin ransa a kan hukuncin shaidu ya ƙare. Sambo ya ga ya sami ƙofa, sai ya shige da gudu. Ya ce a cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, a cikinsu akwai wasu da ake kira ƙwayoyin Ti. Su waɗannan kowace ɗaya fuskar abokin gaba guda ta sani, ba ta kula kowa sai shi, kuma ba ta mantuwa. In aka ɗiga ɗan ruwan da aka tace daga ƙwayar cutar a ƙarƙashin fata, waɗanda suka san ta za su taru a wurin, cikin kwana biyu zuwa uku wurin ya tashi ya yi tauri. In jiki bai taɓa haɗuwa da cutar ba, babu wanda zai zo.

"In wurin yat tashi, ka bi ni Sakkwato," in ji Sambo. Da ya tsaya nan da ya huta. Amma baki shi ke yanka wuya, sai ya ƙara da cewa, "In bai tashi ba, ba ni ƙara yi maka maganar asibiti har abada."

Malam ya sa aka kira Baffa Ɗanmaliki, aka kira Ni'imatu, yayar Sambo, wadda ta dawo gida tana jinyar uban tun rasuwar mijinta. Ya sa Sambo ya maimaita a gabansu. Sannan ya naɗe hannun riga na hagu, ya ce, "Ga wanga. Dama ta rubutu ta." Sambo ya tsira 'yar siririyar allura a fatar, wurin ya yi ɗan tudu kamar cizon sauro, ya kewaye shi da biro, ya roƙi Ni'imatu kada a sosa, kada a shafa komai, kada kuma wanzami ya matso kusa da shi.

Ya koma Tambuwal, amma zama bai gan shi ba. Ya fasa gilashi biyu, ya rubuta sunan wata mata a kwalbar wani tsoho sai da ya sake. Domin a can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da aka koya masa a makaranta, wanda ya taka ya wuce ranar da yake cika baki: wanda cutar ta ci ƙarfinsa ƙwarai, wani lokaci hannunsa ba ya tashi ko kaɗan. Ya sani sarai. Son ya ci gardama ne ya rufe masa ido.

Ranar dubawa ya iso Kebbe wandonsa duk taɓo. Tun daga ƙofar gida ya ji ƙamshin wainar sadaka, ya san gidan ya riga shi yanke hukunci. Ya shiga ya kama hannun Malam. Zanen biron ya kusa gogewa saboda alwala, a tsakiyarsa kuwa babu komai. Shi wannan awo ba da ido ake karanta shi ba, da yatsa ne, don haka Sambo ya rufe ido ya bi fatar da ɗan yatsansa, sama da ƙasa, dama da hagu, yana neman ko ɗan tauri kamar ƙwayar dawa. Fata ce kawai a kan ƙashi, sumul.

"To, likita bokan Turai, mi kag gani?" in ji Baffa Ɗanmaliki, bakinsa cike da waina. "Ko a kawo maka tabarau? Shaidanka dai ya zaka, ya wanke Malam tas. Sai ka nemi wani mai tarin ka kai Sakkwato."

Ni'imatu tana ta rabon sadaka, tana hamdala, hawaye na zubo mata don murna. Almajirai suka cika zaure suna yi wa Malam barka. Duk gidan mutum ɗaya ne bai ci wainar nan ba. Sambo ya buɗe baki zai ce shirun nan ya fi kumburi muni, sai ya haɗa ido da Malam, ya tuna alkawari, ya haɗiye. Wa zai yarda da shi? Ai sai a ce ya ga ya faɗi ne yake neman sake dokar wasa.

Bai haƙura ba. Bayan 'yan kwanaki ya sake bayyana da sirinji, ya ce ba maganar asibiti ya zo yi ba, ɗan jini kawai yake so don ya cika aikinsa.

"Ɗiba, in ka ishe saura," in ji Malam, ya miƙa masa hagun nan dai.

Akwai wani awo da Sambo ya koya wanda ba a fatar mutum ake yin sa ba, a gilashi ake yi. Tunaninsa shi ne, in ƙwayoyin sun kasa tahowa har fata, watakila in ya kai musu abokin gaban har gida za su motsa. Sai dai jinin yana bukatar ya isa Tambuwal da ransa, kada ya yi sanyi, kada rana ta dafa shi. Sambo ya naɗe kwalbar a ƙyalle ya cusa a hammata, ya ɗaure da rawani, ya hau babur yana tuƙi kamar mai karyayyiyar kafaɗa. Hanyar Kebbe da damina kuwa ba hanya ba ce, gwajin imani ce. Ruwa ya tare shi a wajen Jabo, ya ƙi fakewa. A wani rafi ya sauka ya tura babur, ruwa har gwiwa, hannu ɗaya a manne da jiki, wasu Fulani da ke tsallakar da shanu suna kallonsa suna tambayar juna ko ƙurji ne ya fito masa.

Ya isa ɗakin awo yana ɗiga. Ya bar jinin ya kwanta, ya tsame fararen ƙwayoyin, ya zuƙe su cikin wasu siraran bututun gilashi masu kaurin tsinken tsintsiya, ya juya su a inji har suka taru a gindi. Ya yanke bututun ya kwantar a 'yan ƙananan faranti biyu, ɗaya da ruwan da ke ciyar da ƙwayoyin zalla, ɗaya an ɗiga masa ruwan cutar. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In ba abin da ya tsorata su, ƙwayoyin sukan rarrafo daga bakin bututu su bazu kamar mafici. In kuwa akwai ƙwayoyin Ti da suka gane abokin gaba, sai su yi kira, kowa ya tsaya inda yake, maficin ya ƙi buɗewa. Don kada ya ruɗi kansa, ya ɗebi nasa jinin ya yi masa haka, tunda ya san nasa hannun ya taɓa tashi da aka yi masa irin allurar nan. Ya jera su a farin akwatin ɗumin, ya rufe, sai washegari.

Yinin nan ya auna tsawon barandar asibiti da ƙafa har masu jinya suka fara matsa masa hanya. Ya je ya duba janareto, ya dawo ya dafa akwatin, ya koma ya sake duba janareto, har mai kula da shi ya ce masa, "Malam Sambo, in aure kaka so ka yi da injin ga, ka aiko da manya." Ya zauna cin abinci ya tashi bai ci ba. Ya je masallaci ya yi sallar la'asar, da ya fito bai iya tuna ko raka'a nawa ya yi ba.

Da hantsi ya buɗe akwatin. Nasa jinin ya yi abin da littafi ya ce: a farantin cutar ƙwayoyin sun dunƙule a bakin bututu sun ƙi fita. Na Malam kuwa, duka biyun iri ɗaya, ɗan mafici siriri a nan, ɗan mafici siriri a can. An kawo musu abokin gaba har ƙofar ɗaki, ba wanda ya ɗaga kai.

Likita Bamisre ya leƙa madubin, ya girgiza kai. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Soja ya gaji. Kawo baba yanzu, ba gobe." Sambo ya ji kamar ya kama shi da kokawa. Kawo baba! Sai ka ce buhun gero ne da za a ɗora a bayan babur.

A hanyar komawa Kebbe ne Shaiɗan ya hau bayan babur ɗin ya zauna daram. Duk Kebbe wa ya iya karanta bututun gilashi? In ya ce gilashi ya nuna cutar, wa zai musa? Ƙarya ɗaya ce tak, kuma don ceton rai. Sambo ya shirya ta tsaf, ya gyara mata kalmomi, ya maimaita ta a kowane rami da ya faɗa. Ya iske Malam a turaka, an jingina shi da bango, domin yau ko zaure bai iya fita ba. Baffa Ɗanmaliki yana gefe yana ba shi labarin kasuwa, Ni'imatu tana dama fura.

"Mi gilashinka yac ce?" in ji Malam.

Sambo ya dubi idon nan da ya koya masa alif, sun faɗa can ciki amma ba su rage kaifi ba. Ƙaryar da ya ɗauko tun daga Tambuwal ta narke masa a baki.

"Shi ma shiru yay yi, Malam."

"Shaidu biyu ke nan," in ji Baffa Ɗanmaliki. "Ko gaban alƙali magana ta ƙare."

Sambo ya sunkuyar da kai. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron cewa zai zauna ya kalli ubansa yana ƙarewa, da awo biyu na hannunsa suna cewa lafiya lau. Ni'imatu ta ga yadda fuskarsa ta yi, tausayin ƙanenta ya kama ta, ta ce bari ta kwantar masa da hankali.

"Haba Sambo, ka bar tada ranka. Jikin Malam sauƙi shika samu. Ko agogon nan naka da ka fesa mai ƙuraje, tun watan jiya shika ɗaure da shi, ko ƙaiƙayi babu. In ba sauƙi ba, mi na na?"

Sambo ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bango. Babu komai a jikinta.

"Adda, tun yaushe kic ce?"

"Tun watan jiya. Ko wanka ba shi son cire shi."

Ya matsa a kan gwiwoyinsa, ya ce, "Malam, a ba ni dama in gani." Malam ya yi kamar ba zai bayar ba, sannan ya zaro hannun daga cikin riga. Ga agogon nan, ya yi masa yawa har yana zamewa zuwa tsintsiyar hannu. Sambo ya tura igiyar ƙarfen sama, ya shafa wurin. Damina ce, ga zufa, ga ƙarfe a kan fata dare da rana, irin yanayin da a da kwana biyu ya isa hannun ya kumbura. Yanzu ko ja babu. Sambo ya ɗago ya dubi Malam.

"Na yi alkawali ba ni ƙara maganar asibiti," in ji shi. "Amma ina da tambaya ta karatu."

"Tambaya ba ta cikin alkawali."

"In alƙali ya aika a kira shaida, anka ishe shi a some, anka yi mai tambaya bai amsa ba, shirunai shaida na?"

"A'a," in ji Malam. "Wanda ba shi cikin hayyacinai ba a jingina mai magana."

"To, wanga hannu bai taɓa yi ma wanga agogo shiru ba. Kowa gidan ga shaida na, Baffa ma har kasuwa ya kai labari. Agogon bai sake ba, shi na dai. Kuma masu faɗa da ƙarfen nan, da waɗanda nik kira da allura, dangi guda na. In sun ga abokin gaban da sunka sani shekara da shekaru, shina kwance bisa fatarka, ba su tashi ba, ƙaƙa za su tashi don ɗan ɗigon da niz zuba? Ba wanke ka sunka yi ba, Malam. A some suke."

Ni'imatu ta saki ludayi a cikin ƙwarya. Baffa Ɗanmaliki ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, alkawali dai alkawali na, kada ka zo muna da..." Malam ya ɗaga masa hannu, ya katse shi.

Malam ya dubi wuyan hannunsa. Da ya yi magana, ba da muryar zaure ya yi ba.

"Na sani, Sambo. Ranar da niɗ ɗaura shi, kwana biyu, uku, ban ji komi ba, nis san wani abu ya mutu cikin jikin ga. Ban san sunanai ba, amma na sani. Nic ce, to, tunda yanzu ba shi cizo, bari in sa abin ɗana. Ka kawo mani shi da murna, ni kau nim maishe ma. Abin bai bar raina ba."

Sambo, da farar rigarsa da iliminsa na gilashi, ya kifa kai a gwiwar tsohon ya fashe da kuka kamar an yaye shi yau. Ashe duk shekarun nan ba shi kaɗai ke ɗauke da zancen agogon ba. Malam ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya dubi ƙanensa da 'yarsa, ya ce, "Ku kunka yi shaidar alkawali, to ku shaida wanga. Shaidar ta faɗi, hukuncin da anka gina bisa gare ta ya rushe. A nemo mota."

A Sakkwato aka ɗauki hoton. Likitan da ya ɗaga shi a gaban fitila ya kira Sambo ya nuna masa: huhun duka biyu sun yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a kan tabarma. Ya ce an kawo shi a makare, amma a gwada, sauran na Allah ne. Aka dawo da Malam gidan Sambo a Tambuwal, Ni'imatu ta biyo shi, aka fara allura kullum da safe da ƙwayoyi masu ɗaci. Abin da Malam ya ji tsoro kuwa bai fasa faruwa ba, an ware masa ƙwarya da ludayi. Ranar farko ya daɗe yana kallonsu kafin ya sha, kuma wannan kallon ya fi zagi zafi a wurin Sambo.

Abu ɗaya Sambo ya roƙa, kada a cire agogon. Ni'imatu ta ce wannan kuma wane irin magani ne, ya ce ba magani ba ne, mai gadi ne. Daga nan ya ɗauki sabuwar ɗabi'a. Kafin ya tafi aiki sai ya tura igiyar ya shafa. In ya dawo cin abincin rana sai ya shafa. Wani lokaci yana tsakiyar duba jinin wani sai ya ajiye, ya hau babur ya je gida ya shafa ya dawo. Malam ya ce, "Kai, ko mai kiwon kaza ba shi leƙa ƙwai awa haka." Kullum fatar sumul. Zazzaɓin ya ɗan ja baya, ya dawo, ya sake ja. Wata rana Malam ya ci tuwo, wata rana ya kawar da kai. Sambo ya rame har mutane suka fara tambaya wane ne majinyacin a gidan.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, aka fara karyar dawa. Almajiran Kebbe suka fara zuwa bibbiyu a kan kekuna, suna zama daga bakin ƙofa, Malam yana biya musu layi ɗaya ko biyu kafin numfashi ya gaza. Hannun dai shiru.

Wata ranar kasuwar Tambuwal, da azahar, Sambo ya dawo gida, tun daga zaure ya jiyo faɗan Ni'imatu. Ya jefar da babur bai ko kafe shi ba, ya shiga da gudu.

"Ga shi nan, zo ka ga aikinka!" in ji ta. "Mutum shina fama da kainai, ka ƙara mai da wata wahala. Tun safe shika susa, ya hana kainai barci, ya hana ni aiki."

Malam yana zaune a kan buzu, fuska a murtuke, yana ta kartar wuyan hannunsa na dama da farce. Ya ɓalle igiyar da ƙyar, ya miƙo agogon, ya ce, "Karɓi abinka, Sambo. Jikina ba shi son shi."

Sambo bai ko dubi agogon ba, hannun ya kama. Wurin ya yi ja ya kewaye kamar munduwa, ga ƙuraje nan birjik, wasu har sun fara ruwa. Ya rufe ido ya bi su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, masu tauri, masu zafi, munana. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta, ya rasa wadda zai tsayar.

"Sun farka, Malam," yake ta faɗi. "Wallahi sun farka."

"Ni dai ban taɓa ganin ɗan da ka murna ubanai ya yi ƙazwa ba," in ji Ni'imatu, amma ita ma ta kai bakin zane ido.

"To, sake mani hannu in sosa," in ji Malam. "Kuma a ƙaro fura, wagga ba ta ishe ni ba."

Sambo ya saki hannun. Ya fita tsakar gida ya samo ƙusa da dutse, ya dawo ya kafa ta a bango daidai inda Malam zai riƙa gani daga shimfiɗarsa, ya rataye agogon.